Amsa ga ƙanena na Kantin Kwari

Ƙanena, ka tambaya ko mu Hausawan Kumasi muna da ƙungiyar 'yan tufafi irin taku, mai shugaba da ofis da kuɗin wata. To, tamu ba haka ta taso ba.

Tufafi ne suka kawo kakanninmu ƙasar nan, neman goro. Ayari kan taso daga Kano, jakuna ɗauke da turkuɗi da rawuna 'yan Kura da kanwa, madugu na gaba, a ratsa Borgu, a bi ta Yendi, a sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Manyan wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma su ne ƙungiyar da kake nema, sai dai babu takarda. Suna aurar da 'ya'yansu a junansu, suna ba juna bashi, yaro ya tashi a bayan jakin ubangidansa har a sallame shi da jari.

Ginshiƙin abin shi ne mai gida. Shi ke saukar da farke, ya ciyar da shi, ya kulle masa kaya a ɗaki, ya sa dillali ya nemo mai saye. In aka sayar bashi, shi ya tsaya, in mai saye ya gudu, aljihun mai gida ne zai ji. Wanda ya ci amana kuwa, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba.

Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa mutanenmu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi da Akra. Alhassan Dantata ma Ba'agale ne, ya yi cinikin goro a ƙasar nan kafin ya koma Kano ya kama gyaɗa.

Yau atamfa a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, tana hannun matan Asante, da sarauniyarsu mai sasanta rikici da haɗa gudummawar makoki. Wallahi ina ganin girman tsarinsu. Mu abin da muka riƙe shi ne shadda da hula da ɗinkin babbar riga, kuma in rigima ta taso, dattawan unguwa ake fara kai wa, in ta fi ƙarfinsu sai Sarkin Zango.

In za ka turo shaddar, faɗa mini tun kafin azumi in samo maka mai gidan da zai tsaya maka.