Amsa ga Hajiya kan abin da ya kame mata Chrome

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da haƙuri. Na ga tambayarki tun bayan la'asar, aiki ne ya riƙe ni a shago. Ga 'yan uwa da ba su gani ba, Hajiya ta ce kwamfutar da take kasuwancin abaya da turare da ita a Makka ta canja hali: da ta buɗe Chrome sai wani baƙon shafin bincike ya fito a madadin Google, talla na ta faɗowa, ɗanta ya gano wani ekstenshan (ƙaramar manhajar da ake maƙala wa Chrome) da ba su san da shi ba ya cire, washegari ya dawo, yanzu ma maɓallin cirewar ya ƙi dannuwa. Na ga wasu sun ce a yi mata fomat kawai, wato a share komai a sake sa Windows.

Ni dai ban goyi bayan fomat ba, aƙalla ba yanzu ba. Gyaran kwamfuta nake yi a nan Jidda, irin wannan matsala kuwa kusan kullum sai an kawo mana ita, kuma da wuya ta kai ga share komai. Hotunan kayanki da lissafin masu bashi na Kano da Maraɗi ba su yi laifin komai ba. Abin da ya sa ya dawo bayan yaron ya cire shi, akwai wani abu a cikin Windows ɗin kanta da aikinsa ke nan, ya duba in an cire ya mayar. Shi za a fara nema. In aka fara da burauza, sai a yi ta cirewa yana dawowa har mutum ya gaji ya ce aljanu ne.

Kafin komai, ki daina shiga Absher (shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya) da banki a wannan kwamfutar sai an gama. Yawancin irin waɗannan ekstenshan suna da izinin karantawa da canja duk abin da ke kan kowane shafi da kika buɗe. Galibinsu kuɗin talla suke nema, suna karkatar da bincikenki zuwa inda ake biyansu, amma izinin da ke hannunsu ya isa su ga abin da kike rubutawa. Ki yi amfani da jawwal ɗinki, wato wayar hannu, a 'yan kwanakin nan.

Sunayen da zan ambata na Turanci ne, kuma na san kwamfutoci da yawa da ake saya a nan da Larabci suke zuwa. Shi ya sa zan fi ba ki abin da za a rubuta da hannu, don shi ba ya canjawa ko da wane harshe na'urar take.

A rufe Chrome, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta appwiz.cpl. Jerin duk manhajojin da ke kwamfutar zai fito. A danna kan layin kwanan wata don su jeru daga sabo zuwa tsoho, sannan ki tuna ranar da abin ya fara. Duk abin da ya shigo a ranar ko kusa da ita, wanda ba ki san shi ba, abin zargi ne. A nan garuruwan namu abin da na fi gani shi ne manhajar haɗa takardu ko mayar da hoto PDF, wadda mutum ya sauko da ita cikin gaggawa don zai tura hoton iƙama (katin izinin zama) da fasfo. Sai manhajar sauko da bidiyo, sai VPN na kyauta, sai uwa uba Office na sata da abin da ake "kunna" shi da shi. Lokacin sakawa mutum na ta danna Next, Next, bai lura da wani ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama ba, wanda ke cewa ka yarda a canja maka shafin farko da injin bincike. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cire su ɗaya bayan ɗaya. Wasu wajen cirewar za su fito da tambaya mai ruɗi, a karanta a tsanake kafin a danna, don wani lokaci maɓallin da ya fi girma shi ne na "bar ni a ciki". Abin da ke ɗauke da sunan Microsoft, Intel, Realtek ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a bar shi.

Daga nan sai inda mafi yawan mutane ba sa leƙawa. Windows da R kuma, a rubuta taskschd.msc. Wannan ita ce ma'ajiyar ayyukan da kwamfuta ke yi da kanta a kan lokaci. A danna babbar foldar da ke hagu, jerin ayyuka zai fito a tsakiya. A bi su ɗaya ɗaya, ana duba shafin Actions na kowanne, don a nan ne ake ganin ainihin abin da yake kunnawa. Wata kwamfuta da wani mai ofishin buga takardu ya kawo mini, aikin da ke mayar da ekstenshan ɗin suna mai kyau aka sa masa, kamar na sabunta Chrome. Da na buɗe sai ga powershell, wato manhajar ba Windows umarni a rubuce, a bayansa wani dogon layi na haruffa da lambobi a cakuɗe wanda ba ya karantuwa, an kuma saita shi ya riƙa tashi bayan 'yan mintoci. Mai kwamfutar ya ce dama yana ganin wata baƙar taga na walƙawa ta ɓace, ya ɗauka haka Windows take. Irin wannan salon ya yaɗu sosai a 2022 da wata muguwar manhaja da masana suka sa wa suna ChromeLoader, wadda ke zuwa cikin wasanni da manhajojin sata. In kun ga aiki irin wannan, ko wanda ke nuna wani fayil a cikin foldar AppData mai sunan da ba ku gane ba, kada a goge tukuna. A danna dama a zaɓi Disable. In daga baya komai lafiya, sai a goge. A kuma danna Ctrl, Shift da Esc tare, a duba shafin abubuwan da ke tashi da kwamfuta, a kashe baƙi.

Yanzu maganar maɓallin da ya ƙi dannuwa. A buɗe Chrome a danna ɗigo ukun nan na sama. Ina kyautata zaton a can ƙasa za ki ga an rubuta "Managed by your organization", wato wai wata ma'aikata ce ke kula da burauzar. Google ya yi wannan tsari ne don kamfanoni da makarantu su tilasta wa kwamfutocinsu wasu saituna, sai ɓarayi suka ara. A rubuta chrome://policy a wurin adireshi. In aka ga ExtensionInstallForcelist, ko wani layi mai ɗauke da adireshin wancan baƙon shafin binciken, to an kama shi. Kusa da shi akwai wasu haruffa 32 a jere, lambar ekstenshan ɗin ke nan, a ɗauki hotonta da jawwal.

Gargaɗi ga sauran 'yan uwa masu karatu: in kwamfutar ta kamfani ce ko ta kafil (ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka) aka ba ka don aiki, wannan rubutun na gaskiya ne, kada ka taɓa, ka kai wa mai kula da na'urorinsu. Wasu manhajojin kariya ma suna sa nasu layin a wurin. Ta Hajiya kuwa tata ce ta gida, babu wata ma'aikata da ke da hurumi a kanta.

Cire wannan sai an shiga rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta na ciki, kuma a nan ina so yaron ya nutsu, ko a kira wanda ya saba. Windows da R, a rubuta regedit. A bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Policies, Google, Chrome. Kafin a goge komai a danna dama a kan Chrome ɗin a zaɓi Export a ajiye, don in an yi kuskure a iya mayarwa. Sannan a goge wannan foldar ta Chrome da ke ƙarƙashin Policies, ita kaɗai. A sake bin hanyar a ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER, don wasu a can suke ɓuya. Na Edge yana Policies, Microsoft, Edge, shi ma a leƙa, tunda sau da yawa tare ake kama su. Foldar Microsoft ɗin kanta kada a kuskura a goge ta. A kashe kwamfutar a kunna.

Sai yanzu ne za a je chrome://extensions. Maɓallin cirewa zai dawo. A cire shi, a cire duk wani da ba ki tuna kin sa ba, ko da sunansa na hana talla ne ko na lokutan salla. Na sha ganin masu sunan addini da ke wannan aika-aika, don sun san ba ma zargin irinsu. Bayan haka a je chrome://settings/reset a mayar da saituna yadda suke tun asali. Wannan zai gyara shafin farko da injin bincike, ya share kukis (bayanan da shafuka ke ajiyewa don su tuna ki), ya kashe sauran ekstenshan, amma ba ya taɓa shafukan da kika adana ko kalmomin sirri. Za ki sake shiga shafukanki ne kawai.

Abubuwa biyu ƙanana da ke sa mutum ya zaci bai gama ba. Na farko, alamar Chrome da ke kan allo: a danna dama, Properties, a duba layin Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe. In bayansa akwai adireshin wani shafi ko kalmar load-extension, a goge alamar gaba ɗaya a yi sabuwa, ta kan sandar ƙasa ma a cire a sake maƙalawa. In profile-directory ne kawai a wurin, wannan na Chrome ne, ba komai. Na biyu, tallan da ke fitowa a kusurwar allo ko da ba a buɗe wani shafi ba. Wannan sau da yawa ba ƙwayar cuta ba ce, izini ne aka bayar lokacin da wani shafin kallon ƙwallo ya ce a danna Allow don a tabbatar ba na'ura ba ce. A je chrome://settings/content/notifications a cire duk shafin da ba a sani ba. Wannan har a jawwal yana faruwa.

Bayan an gama da hannu sai a bi da manhajar wanki. Ni AdwCleaner nake amfani da ita, ta kamfanin Malwarebytes ce, kyauta ce, ba ta buƙatar a girka ta, kuma don irin wannan shara aka yi ta. Amma a rubuta malwarebytes.com da hannu, kada a neme ta ta bincike, balle a danna sakamakon farko mai alamar talla. Sannan a buɗe Windows Security a yi cikakken bincike, in da hali a yi wanda ake kira Offline, mai kashe kwamfutar ya duba ta kafin Windows ta tashi. In kun kalli tsofaffin bidiyo a YouTube za su ce a nemi "Clean up computer" a cikin Chrome. Kada ku wahala, Google ya cire shi tun 2023. Duk wani shafi kuma da ya cika allo da ja yana ƙara, yana cewa kwamfutarki ta kamu ki kira wata lamba ko ki sauko da magani, shi ne cutar. A rufe shi.

In bayan duk wannan ya sake dawowa, to a tambayi yaron ko akwai wata kwamfutar da aka shiga Chrome da imel ɗinki. Chrome na kwafe ekstenshan da saituna tsakanin kwamfutocin da ke kan asusu ɗaya, don haka wadda ba a wanke ba tana iya sake shafa wa wadda aka wanke. A gyara su duka.

Sai kalmomin sirri. Daga jawwal, ki canja na imel tukuna, don shi ne mabuɗin sauran, sannan Absher, banki, Facebook da Instagram ɗin da kike talla. A shafin tsaro na asusun Google ki fitar da duk na'urar da ba ki gane ba, a WhatsApp ma ki duba na'urorin da aka haɗa. Lambar da ake turo miki ta saƙo ba a ba kowa, ko da ya ce daga banki yake. In Nafath (manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum) ya fito da buƙatar amincewa alhali ba ke kika nema ba, ki ƙi. Daga yau kuma adireshi irin absher.sa da nusuk.sa (shafin Hajji da Umara) a riƙa rubuta su kai tsaye ko a adana su, don shafukan bogi masu kama da su ta hanyar bincike da saƙonni suke kama mutane, musamman in lokacin Hajji ya gabato.

Game da PDF ɗin nan da ke jawo mana rabin wahalar, Windows 10 da 11 suna da shi a ciki. A buɗe hoton, a danna Ctrl da P, a zaɓi Microsoft Print to PDF, shi ke nan. Ki kuma sa yaron ya duba wace Windows ce a kai. Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, in kwamfutar za ta ɗauki 11 gara a ɗaga ta. Yaron kuma a buɗe masa nasa asusun daban wanda ba shi da ikon girka manhaja sai da kalmar sirrinki. Zai yi ƙorafi, amma zai saba.

Inda zan yarda da masu cewa fomat shi ne in Windows ɗin kanta ta sata ce, ko an kashe Windows Security ta ƙi kunnuwa, ko an ga an taɓa kuɗi a asusu. A nan kam a kwashe hotuna da takardu a filasha, ban da fayilolin girka manhaja, a sa sabuwa mai lasisi. In za a kai shago, ki fita daga imel da WhatsApp kafin ki miƙa, kuma ki ce a nuna miki abin da aka cire.

In kun maƙale a wani wuri, a ɗauko hoton chrome://policy da na jerin ayyukan taskschd.msc a sa a nan, a rufe imel ɗinki kada ya fito a hoton. Zan duba bayan isha'i in sha Allah.