Tambaya da Amsa: Ƙarfin Baba ya tafi, ga mantuwa ta biyo baya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni matar aure ce a wani ƙauye ta wajen Ringim, a kan surukina nake son ki ban shawara, Baba muke ce mai, zai haura shekara 75. Mutumin da bara waccan da kansa yake noman geronsa yana zuwa kasuwa a keke, to tunda ya yi wata jinyar zazzaɓi da damina sai 'ya'yansa suka ce ya huta haka, suka karɓe fartanya aka sai da keken aka shimfiɗa mai tabarma a zaure. Wallahi Anti tun daga nan sai rama, riga a jikinsa kamar an rataya a ƙyaure, buta in ta cika sai ya sa hannu biyu, tashi kuwa sai ya dafa bango. Abin da ya fi tada min hankali mantuwa, zai ci tuwo ya wanke hannu an jima ya ce yau ba a ba shi abinci ba, ran nan sau biyu ya yi azahar, kuma yana kiran ɗana da sunan ƙaninsa da ya rasu tun kafin a kawo ni gidan. Wasu sun ce gigin tsufa ne a ƙyale shi, wata gwaggonsu ta ce sammu aka yi mai saboda gona. Maigida yana ci-rani a Legas ni kaɗai nake fama. Wai ramar ce ta jawo mantuwar ko kowacce hanyarta daban?

Daga 'yar'uwarki, ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa.

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da hidima, Allah ya biya ki ya ba Baba lafiya. Hanyarsu ba daban ba ce, junansu suke ja, kuma ƙasar Sin tana cikin inda aka fi bin diddigin abin nan saboda tsofaffi sun yi musu yawa, ƙidayarsu ta 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264, kinga sun fi mutanen Najeriya gaba ɗaya.

Akwai wani bincike na jami'ar Peking da ke Bejin ana ce mai CHARLS, tun 2011 suke bin mutum sama da 17,000 a ƙauyuka da unguwanni 450, bayan shekara biyu ko uku su sake komawa wajen mutanen nan dai. Za a ba tsoho wani ƙarfe ya matse da hannu a ga ƙarfin damƙarsa, a sa shi ya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa, a auna saurin tafiyarsa, sannan a karanta mai kalmomi 10 a ce ya maimaita, a ce ya dinga cire 7 daga 100. Abin da ake ta gani shi ne wanda jikinsa ya yi rauni tunaninsa ya fi saurin ja baya, wanda tunaninsa ya fara rikicewa shi ma jikinsa ya fi saurin zubewa, in biyun suka haɗu a kan mutum ɗaya to haɗarin kwanciya da mutuwa ya fi yawa. Wani binciken da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta masu ciwon mantuwa sosai a ƙasar sun kai miliyan 15, kuma abin ya fi yawa a karkara da wajen mata da waɗanda ba su yi karatu mai nisa ba. Ƙauyukansu fa irin namu ne ta wani wajen, matasa sun tafi birni aikin masana'anta an bar tsofaffi da jikoki.

Raunin da nake faɗa likitoci suna da alamominsa guda biyar, wata likita 'yar Amurka Linda Fried ce ita da abokan aikinta suka tsara a 2001: rama ba dalili kamar kilo 4 da rabi a shekara, yawan gajiya, raunin damƙa, tafiya a hankali, da rashin motsa jiki. Mai uku a ciki ya shiga. Ki ƙirga na Baba da kanki, butar nan da yake ɗauka da hannu biyu ita ce damƙar.

Dalilin haɗuwarsu kuwa, jinin da yake ciyar da ƙafa shi yake ciyar da ƙwaƙwalwa, hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan jijiyoyi a hankali ba tare da mutum ya shanye ba. Sannan wanda ya daina motsi naman jikinsa narkewa yake, in ya narke cin abinci ya ragu, ya kasa fita, in bai fita ba ba masallaci ba majalisa ba cinikin kasuwa, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi, ita kuma in ta rikice sai ya manta ci ya ji tsoron fita, haka abin zai ta zagayawa.

Nan ne zan faɗa miki abin da ya taɓa ni a wasiƙarki, maganar karɓe fartanya da keke. Na san don tausayi suka yi amma an cuce shi ba a sani ba. Mu ma mun yi wa kakata haka, mace mai daddawa da tun asuba take kan ƙafarta tana lissafin bashinta a ka ba ta taɓa kuskuren ko sisi ba, muka ɗauko ta daga ƙauye muka sa ta a ɗaki a Kano da fanka da talabijin muka ce Inna ki huta, ko tsintar wake ta ɗauka sai a karɓe faranti. Shekara ba ta zagayo ba ta daina gane hanyar banɗaki. Har yau in na tuna yadda take bin farantin nan da ido sai na ji ƙwalla.

Abu na farko ku kai shi asibiti, ba kemis ba. A auna hawan jini da suga, a duba ko jininsa ya yi ƙasa, a duba ido da kunne don tsohon da ba ya ji sosai sai a zata rikicewa ya yi, ki kuma faɗa musu ramar dalla-dalla saboda akwai cututtukan da suke ramar da mutum kamar tarin fuka da ake warkewa. Ba zan yi miki alkawarin mantuwar za ta tafi ba, in ciwon mantuwa ne na gaske har yanzu ba shi da maganin warkewa, amma ƙarfin jiki yana iya dawowa ko a tsufa. In kuma kika ga ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko baki ya karkace, wannan kar a kwana.

A gida a mayar mai da aiki daidai ƙarfinsa, ba wa akuya dusa, ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, ya je bakin gona ko kallo ya yi ya ba da umarni. Na san akwai kunya tsakaninki da suruki ba za ki kama hannunsa ba, to ki haɗa shi da jikansa su dinga zuwa masallaci tare, a samo mai sanda mai kyau. Abinci kuma koko da tuwo kaɗai ba sa mai da tsoka, ki sa wake, ƙosai, awara, ƙuli-ƙuli a daka tunda haƙora sun yi ƙasa, fura da nono, ƙwai in an samu, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ruwa sosai lokacin zafi. In ya ce ba a ba shi abinci ba kar ki yi musu kar kuma ki sa a ranki, ba sharri yake miki ba, ki ce to Baba ga shi nan, ki miƙa mai ɗan kunu.

Gwaggo kuma a lallaɓa ta, addu'a a yi ta yi amma kar a ɗora wa wani laifin sammu a raba zumunci. Ki kira maigida ki karanta mai amsar nan ya yi magana da 'yan'uwansa su haɗa kuɗin mota da na gwaji, kuma a samu wadda za ta dinga karɓarki ko kwana biyu a sati. Bayan kun dawo daga asibitin ki rubuto min abin da suka ce.