Ratar jikin bango da daren da falo ya tashi

Yaro, na ga saƙonka tun jiya. Ban amsa ba ne don raina ya ɓaci, ba kuma da kai ba. Ka ce mai ginin da kake wa aiki ya matsa maka ka fara shimfiɗa tayil gobe a kan daɓen da aka zuba kwana 5 da suka wuce, kuma ba ya son ganin rata ko ta allura, ko tsakanin tayil da tayil ko a jikin bango. Wai ka bi maganarsa ko kuwa? Da tambayar yadda ake kwaɓa siminti ko jan igiya ka yi mini, da ko kallonta ba zan yi ba, don wanda ya shekara 2 a bayana bai iya wannan ba gara ya nemi wata sana'a. Amma wannan ta taɓa mini tsohon miki.

Lokacin ban daɗe da fara karɓar aiki da sunana ba, wani mutum ya kira ni sabon gidansa. Falon ya kai mita 9 a tsawo, da wata ƙatuwar ƙofar gilashi tana kallon yamma. Tayil ɗin da ya sayo fosilin ne, irin tayil ɗin nan mai tauri da ba ya shan ruwa, santimita 60 da 60, mai sheƙi. Na durƙusa na ɗora tafin hannuna a kan daɓen, na ji sanyi, launinsa ma bai gama washewa ba. Na ce masa kwanan daɓen nan nawa? Ya ce 6. Na ce a jira. Ya ce shi ƙarshen wata zai tare, in ba zan iya ba akwai masu jira a waje. Ya ƙara da cewa ya ga wani gida da aka haɗe tayil baki da baki kamar gilashi guda, haka yake so, kuma a danna shi har jikin bango. Na ce to a sayo gam ɗin tayil, ya ce ɓarnar kuɗi ce, ga siminti nan buhu-buhu. Kwaɗayin aikin ya rufe mini ido, na ce to.

Kwana 11 muka yi ni da yara uku. Gwiwoyina har suka saɓule. Amma fa in ka tsaya a bakin ƙofa ka hango layin nan, wallahi kamar da reza aka ja shi. Ya dinga kawo abokansa suna cire takalmi suna santi. Ya ba ni rabin kuɗina, ya ce ciko sai ya tare. Ya tare, ya ce sai wata ya ƙare. Watan bai ƙare ba har yau.

Bayan wata 7, da tsakar dare, sai ga kiransa. Wai sun ji ƙara kamar an harba bindiga, yara sun farka suna kuka. Da safe na je. A daidai inda ranar yamma ke faɗowa ta gilashin nan, layi biyu na tayil sun tashi sun jingina da juna kamar an kafa tanti, tun daga wannan bango har wancan. Na zura hannuna a ƙarƙashi har wuyan hannu. Na ɗaga guda ɗaya na juya, bayansa fes, kamar yanzu aka fito da shi daga kwali, simintin kuwa yana can manne a ƙasa. Na ɗauki makulli ina ƙwanƙwasa sauran, rabin falon na amsawa kamar ganga.

A gaban maƙwabtansa mutumin nan ya ce na sace masa siminti ne shi ya sa aikin bai kama ba. Ni! Na ce ba kai ka hana a jira ba? Ba kai ka hana a bar rata ba? Ya ce yaushe aka yi haka, ina shaida? Ba ni da ko guntun takarda. Don kare sunana na fasa wurin na sake shimfiɗawa da kuɗin aljihuna, na biya yara, shi kuma ya riƙe cikon ya ce diyyar tsoratar da iyalinsa ce. Ayyuka biyu da aka riga aka yi mini alkawari a layin nan suka suɓuce. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To ka buɗe kunnenka ka ji abin da ya faru a ƙasan nan. Sabon daɓe yana tsukewa yayin da ruwan cikinsa ke fita, shi kuma tayil yana buɗewa in ya sha zafi. Na ƙasa na ja ciki, na sama na turawa waje. In akwai rata, motsin ya shige cikinta ba wanda ya sani. In babu, bango ba ya matsawa, sai tayil ya nemi hanya ɗaya da ta rage masa, wato sama. Ga kuma laifin da yake nawa ni kaɗai, ba na ɓoyewa: na jiƙa fosilin a ruwa kamar yadda muke yi wa tsohon tayil mai jan baya, alhali fosilin ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Abin da ba ya shan ruwa, tsurar siminti ba ya samun inda zai kama shi. Gam ɗinsa daban ne.

Daɓen siminti da yashi, ka ba shi sati 3 aƙalla. Sabon kankare sati 6. Kwana 28 ɗin da kake ji magina na faɗa, maganar ƙarfi ce, bushewa daban. In katako ko ledar ƙasa za ka shimfiɗa ma jiran ya fi haka, don lissafin da ake yi shi ne kwana 1 ga kowace milimita 1 ta kauri, har zuwa milimita 40. Kada ka yarda da ido, sama na iya yin fari ciki na jiƙe. Ka yanko leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a kan daɓen, ka liƙe bakinta duka da salatif, ka bar ta ta kwana. In ka ɗaga ka ga gumi a jikinta ko wurin ya yi duhu, ka kira mai ginin ya gani da idonsa. In ba ka ga komai ba, wannan bai ba ka izinin tsallake sati 3 ɗin ba.

Rata kuwa, milimita 6 a jikin kowane bango da kowane ginshiƙi, kuma kar ka cike ta da siminti, sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake zagaye gindin bango da shi, zai rufe ta ba mai gani. Tsakanin tayil kar ka gaza milimita 3. In ɗakin dogo ne, duk mita 6 zuwa 7 ka bar layi ɗaya ka cike shi da silikon mai launin sauran. Inda rana ke bugu, duk mita 3.

Na kuma san halinku, yaran yanzu. Ku ɗiga gam biyar a bayan tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ku danna, ku zaro waya ku ɗauki hoto ku watsa wai kun zama ƙwararru. Ƙafar kujera ɗaya ta isa ta fasa wannan. Cokali mai haƙora aka yi don ka taje gam ɗin ta fuska ɗaya, babban tayil kuma ka shafe bayansa shi ma. Lokaci-lokaci ka ɗaga guda ka duba: in gam bai rufe kashi 80 na bayansa ba, a banɗaki kuma kusan duka, ka sake. In ka taɓa gam ɗin da ka shimfiɗa bai kama yatsanka ba, ya yi fata, kankare shi ka zubar, kar ka yayyafa masa ruwa. Na taɓa korar yaro a kan wannan yayyafin, kuma ban yi nadama ba.

Shi mutumin naka, in ya ga gumin leda ya ce duk da haka sai gobe, ka kawo takarda. Ka rubuta cewa ka ce a jira ya ƙi, ka ce a bar rata ya ƙi, ya sa hannu a gaban mutum biyu, ya kuma biya ka kashi-kashi, ɗaki na ƙarewa kuɗinsa na shigowa. Za ka ga yadda zai fara kame-kame da zarar ya ga biro. In ya ƙi sa hannun, tattara kayanka ka taho, akwai banɗaki biyu da nake neman mai gama mini. In za ka zo ka haɗo da cokalina mai haƙora da ka ara tun watan jiya, kuma a wanke.