Amsa: Shin pump shi ne famfo?

Malam ka tambaya ko pump na Turanci shi ne famfon da muka sani, to eh daga nan famfo ya fito, tunda mu ba mu da p sai muka mayar da ita f, kamar yadda ake cewa fensir da fasfo. Amma fa ba daidai suke ba. A wajen Bature pump na'ura ce mai tura ruwa ko iska ko mai da ƙarfi, mu kuma har kan da ake murɗawa ruwa ya zubo famfo muke ce masa, shi wannan tap suke kiransa. Ka je shagon kayan ruwa a Terminus nan Jos ka ce a ba ka pump, wallahi sumo na bohol za su ɗauko maka ko injin jan ruwa zuwa tanki, kai kuwa ɗan kan famfo na banɗaki kake nema.

Kuma kalmar pump aikatau ce ma, mai faci idan yana buga wa taya iska pump yake yi, zuciya ma haka likitoci ke faɗin aikinta na harba jini.

Pump price da kake ji a labarai tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin lita ne a gidan mai kawai. Idan makanike ya ce fuel pump ɗinka ya mutu, abin da ke tura fetur daga tanki zuwa inji yake nufi, ka ce ya nuna maka tsohon da ya cire kafin ka biya.