Tambaya da Amsa: Takin Ruwa na Ganyen Orti a Lambun Kayan Miya

Tambaya: Ina zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, inda na samu ɗan fili ina shuka tumatir da kabeji da alayyafo. Wani dattijo maƙwabcina ya ba ni bokiti cike da baƙin ruwa mai wari, ya ce taki ne na ganyen orti. Na zuba shi haka nan a gindin tumatir, bayan kwana biyu sai ganyen ƙasa suka ƙone. Ina kuskuren yake, kuma yaya ake haɗa shi?

Amsa: Malam, kuskuren bai wuce rashin sirkawa ba, domin wannan taki yana da ƙarfin da ba a zuba shi tsagwaronsa.

Orti ciyawa ce da ke fitowa a gindin shinge da bakin rafi a ƙasashen Turai, kuma gashin jikinta yana sa zafi da ƙaiƙayi kusan irin na karara, saboda haka sai da safar hannu ake yankar ta, tun kafin ta yi iri, don kada ta cika maka lambu. Ka yayyanka kilo 1 na ɗanyen ganye, ka jiƙa a lita 10 na ruwan sama cikin bokitin roba, ba na ƙarfe ba, ka ajiye a inuwa kana motsawa kullum da sanda. Za ka ga kumfa tana tasowa, warin kuwa kamar na garken shanu da damina. Ranar da ka motsa kumfa ba ta taso ba, wato bayan mako biyu ko ƙasa da haka idan ana zafi, takin ya nuna, sai ka tace da tsumma, tuƙar kuma ta tafi juji.

Wajen amfani, lita 1 ake sirkawa da lita 10 na ruwa a zuba a gindin shuka sau ɗaya a mako biyu, bayan an yi ban ruwa. Idan kuwa feshi za a yi a kan ganye, sai ruwan ya kai lita 20. Amfaninsa mafi girma shi ne naitirojin, sinadarin da ke cikin takin yuriya, shi ya sa kabejinka da alayyafonka za su fi kowa jin daɗinsa. Tumatir kuwa, a ganina, gara ka daina ba shi da zarar ya fara fure, in ba haka ba zai yi ta ganye ya bar ka ba 'ya'ya. Wake bai buƙatarsa, tunda saiwarsa tana samar masa da naitirojin.

Abin sha'awa, wata dokar noma ta shekarar 2006 ta taɓa haramta sayar da takin orti a Faransa, sai a 2011 aka halatta. Tumatirin da ya ƙone kuwa, ka cire busassun ganyen, ka riƙa shayar da shi ruwa zalla har ya yi sabon toho.