Hayar mota mai caji a Ingila: amsa ga ƙanena a Kaduna

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Birmingham, ka kuma ga tallar hayar mota ta shekara uku, irin mai fetur da batir wadda ake jona wa wuta, kana tambaya ko ka sa ta cikin kasafinka tun kana Kaduna. Cire ta.

Da wuya ma su ba ka. Kamfanonin haya sai sun duba tarihin biyan bashinka a ƙasar nan, suna kuma tambayar adireshin da ka zauna, galibi na shekara 3. Kai kuwa ranar da ka sauka babu bankin da ya san ka. Karatunka na shekara ɗaya ne, yarjejeniyar kuwa ta shekara uku. In ka fasa a tsakiya, za ka biya kaso mai tsoka na watannin da suka rage, sau da yawa kusan rabi.

Kuɗin wata da ka gani a talla ba shi ke nan ba. Akwai kafin alƙalami, kuɗin wata 6 ko 9 a dunƙule, kuma ba ya dawowa. Akwai iyakar tafiya, mil 8,000 ko 10,000 a shekara, duk mil ɗin da ka ƙara da kuɗinsa. Inshora kai za ka nema, kuma baƙon direba a sabuwar mota shi ake tsawwala wa. Lasin Najeriya wata 12 kawai yake yi a nan, daga nan sai ka ci jarrabawarsu. Ranar mayar da mota za a zagaya ta a ƙirga ƙwarzane, ga shi babu Panteka da za ka kai a shafe maka kafin la'asar.

Amma inda na fi so ka tsaya shi ne caji, domin a nan ribar take ko asarar. Batirin irin waɗannan motoci yakan kai mil 30 zuwa 50, wasu sababbin sun ɗara. Mai gida da filin ajiye mota a ƙofarsa yakan jona ta da dare lokacin da wuta ke araha, ya je aiki ya dawo bai ƙona fetur ba. Ɗalibi fa? Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, mota a bakin titi, wani lokaci ma ba a layinku ba. Dole sai wurin cajin kuɗi, inda harajin kaya kaɗai kashi 20 cikin ɗari ne, na gida kuwa kashi 5. In ka gaji ka daina caji, ka koma mai motar fetur da ke jan nauyin batir a banza. Wuta dai ba a ɗauke ta a nan, sai dai takardar kuɗinta ta ɗauke maka barci.

Na san abin da ke ranka, ka ɗan taɓa kabu-kabu da Uber motar ta biya kanta. Kul! Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, aikin albashi ma awa 20 ne a mako lokacin karatu, kuma yarjejeniyar hayar mota don amfanin kai ba ta yarda da ɗaukar fasinja ba.

Waɗanda na ga tsarin ya yi wa rana ma'aikata ne da suka karɓi motar ta wurin aikinsu, ana cira daga albashi da sassaucin haraji.

Shekarar farko ka riƙe bas da jirgin ƙasa, katin ɗalibai yana rage kashi ɗaya bisa uku na kuɗin jirgi. In ka ci jarrabawar tuƙi kuma buƙata ta kama, nemi ƙaramar motar fetur ta hannu. Yawancin na 2006 zuwa sama ba sa biyan fam 8 na shiga tsakiyar Birmingham. Kuɗin kafin alƙalamin nan ka tanade shi don hayar ɗaki da rigar sanyi.

Ka taho da lasinka duk da haka. A gaida Hajiya da mutanen Unguwar Rimi.