Atisayen tirayatulon ga mai aiki da iyali

Ɗan'uwa, ka ce kana son shiga gasar tirayatulon, wato ninkaya da tseren keke da gudu a jere, amma ga aikin ofis ga iyali, lokaci ya ƙi isa.

Fara da ƙaramar gasa tukuna. Babbar gasar da ake kira Ironman ninkaya ce ta kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2, ba ta mai kai yara makaranta kullum ba ce a shekarar farko. Ƙaramar kuwa mita 750 ce a ruwa, kilomita 20 a keke, 5 a ƙafa.

Gudu ka yi shi bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Keke kuma, in hanya da kyau, hau shi zuwa aiki. Doguwar fita atisaye ranar Asabar ce ke jawo ƙorafi a gida, don haka ku tsayar da lokacinta kai da uwargida tun da wuri, in ka dawo ka karɓi yaran ta huta. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, haƙura da atisayen, kada ka ce gobe za ka ninka. Haka ake jawo ciwon gwiwa.